Da Wane Mudu Ake Auna Iskar Gas?

Na tabbata wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su ce me ya haɗa kifi da kaska, idan suka ga maganar awon iskar gas a cikin mujallar da aka saba cika ta da waƙoƙi da karin magana da sharhin littattafan zube. To, a yi haƙuri a bi ni a hankali. Abin da nake son in tabbatar a wannan ɗan rubutu shi ne, a harkar iskar gas, kuɗin da ake samu da haɗarin da ake gudu duk suna rataye ne a kan awo. Awon nan kuwa awon zafi ne, ga shi kuma Hausar da muke magana da ita yau da kullum kalma ɗaya tak take sa wa abubuwan da masana kimiyya suka rarrabe gida huɗu ko biyar. A nawa ra'ayin, cike wannan giɓi aikinmu ne, mu da muka zaɓi nazarin harshe, domin injiniya yana da nasa aikin da ya ishe shi.

Bari mu fara da kalmar gas ɗin kanta. Idan direban tirela a Apapa ya ce gas ya yi tsada, man dizal yake nufi. Idan uwargida ta ce gas ɗinta ya ƙare, tana nufin abin da ke cikin tukunyar girki, wato gaurayen furofan da butan da aka matse har suka zama ruwa, ake sayarwa da kilo. Idan kuwa mai karanta labarai a rediyo ya ce Nijeriya tana da arzikin iskar gas, yana nufin wata aba ta uku, wadda take fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, wani lokaci ita kaɗai, wani lokaci tare da ɗanyen mai. Wannan ta ukun ita ce abin maganarmu. Ita ma kanta gauraye ce. Mafi yawanta metan ce, galibi fiye da kashi 80 cikin 100, saura kuwa akwai etan da furofan da butan, akwai naitirojin da iskar kabon da tururin ruwa, a wasu rijiyoyin ma har da wata iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kowace rijiya da irin nata haɗin, hasali ma rijiya ɗaya tana iya canja haɗinta yayin da take tsufa.

A kasuwa mun san mudu, mun san tiya, mu da ke zaune a kudu mun san kwangon Ibadan da dirikar Legas. Mun kuma san rigimar da kan tashi idan aka bubbuge gindin mudu. Amma ko ba komai gero yana zaune inda aka zuba shi. Iska kuwa ba ta da girman kanta. A ɗumama ta, ta buɗe. A matse ta, ta tsuke. Saboda haka idan wani ya ce ya sayar maka da mita kiyubik ɗaya na iskar gas, bai faɗa maka komai ba tukuna, sai ya faɗi a wane zafi da wane matsi aka auna. Wannan ne ya sa aka yi yarjejeniya a kan wani yanayi da ake mayar da kowane awo gare shi, wanda galibi shi ne digiri 15 a ma'aunin Salshiyas da matsi daidai da na iskar da muke shaƙa a bakin teku.

Ko bayan an daidaita wannan, da sauran rina a kaba. Mai saye ba girma yake bukata ba, wuta yake bukata. Ma'aunin zafi da masana suke amfani da shi sunansa jul, kuma jul 4,200 ne suke ɗaga zafin ruwa kilo ɗaya da digiri ɗaya. To, mita kiyubik ɗaya na metan idan ya ƙone yana ba da wajen jul miliyan 38. Na etan yana ba da wajen miliyan 66, na furofan kuwa wajen miliyan 94. Naitirojin da iskar kabon ba sa ba da komai, tsakuwa ce a cikin shinkafa. Ke nan mudu biyu masu girma ɗaya suna iya bambanta ƙwarai wajen albarka. Shi ya sa a kasuwar duniya da zafi ake cinikin iskar gas, ana lissafi da miliyoyin wani ma'auni na Turawan Ingila da ake kira BTU, wanda guda ɗayansa ya kai kimanin jul 1,055.

Wanda yake ganin wannan bambanci ƙarami ne sai ya dubi ƙasar Holan. A 1959 aka gano babban filin gas na Groningen, kuma iskarsa tana ɗauke da naitirojin wajen kashi 14 cikin 100, wato wutarta ba ta kai ta wasu ƙarfi ba. Sai aka ƙera murhuna da na'urorin ɗumama ɗaki na miliyoyin gidaje a Holan da wasu sassan Jamus da Beljiyam da Faransa daidai da wannan iska. Da girgizar ƙasa ta addabi mazauna yankin, aka dinga rage haƙowa har aka rufe filin baki ɗaya a 2024. Amma murhun da aka saita wa raunanniyar iska ba ya karɓar mai ƙarfi haka kawai. Dole ta sa Holan take sayo iska mai kyau daga waje, ta zuba mata naitirojin da gangan domin ta yi kama da ta Groningen, maƙwabtanta kuwa suka shiga bin gida-gida suna sake saita murhuna. Duk wannan ɗawainiya a kan kashi 14 cikin 100 ne.

Zafi Suna Ya Tara

Yanzu sai mu shigo fagenmu. Hausa tana da wadata wajen faɗin yadda jiki yake jin zafi. Muna da ɗumi, da ƙuna, da raɗaɗi, da huci, da zuga, da gumi, mun ma ari zafin mun kai shi cikin hali, muka ce zafin rai da zafin nama da zafin kai. Inda muka yi ƙaranci shi ne wajen ƙidaya shi. Ɗauki tartsatsin wuta guda da ya faɗo maka a hannu, ka kwatanta shi da bokitin ruwan wanka mai ɗumi. Wanne ya fi zafi? Kowa zai ce tartsatsi, kuma gaskiya ne, domin darajarsa a ma'auni ta fi ta ruwan nesa ba kusa ba. Amma a ɗora ƙanƙara a kan kowannensu a gani: tartsatsin zai mutu nan take, ruwan bokitin kuwa zai narkar da ita. Ashe ta wata fuskar ruwan ne ya fi zafi. Amsoshin biyu duk daidai ne, kalmar ce ta haɗa tambayoyi biyu a wuri ɗaya.

Kada wani ya ɗauka wannan gazawa ce ta Hausa ita kaɗai. Turawa ma sun daɗe a cikin wannan ruɗani, har sai wajen shekarar 1760 da wani likita kuma malamin kimiyya a jami'ar Gilasgo, Joseph Black, ya raba abubuwan biyu. Kalmomin da ya yi amfani da su na yau da kullum ne a harshensa, ya dai ɗaure kowace a kan turkenta. Abin da nake ganin ya kamata mu yi ke nan. Ga shawarar da nake bayarwa, a duba a gyara. Abin da ma'aunin likita ko na yanayi yake nunawa da digiri, mu kira shi matakin zafi. Abin da ake ƙidayawa da jul, wanda yake tashi daga wani abu ya shiga wani, mu kira shi adadin zafi. Adadin da iska take bayarwa idan ta ƙone, zafin ƙonuwa. Wanda ruwa yake kwashewa idan zai zama tururi ba tare da matakinsa ya ƙaru ba, wanda shi ne sirrin sanyin ruwan randa, shi kuma ɓoyayyen zafi.

Saura na biyar, wanda shi ne ya fi ba ni sha'awa, wato adadin zafin da abu yake bukata kafin matakinsa ya hau da digiri ɗaya. Na ga wasu suna cewa ƙarfin zafi, amma wannan yana sa mai sauraro ya zaci tsananin zafi ake nufi. Ni na fi son cin zafi. Dalilina shi ne kowace mace da ta taɓa dafa wake ko ganda ta san abin da ake nufi idan aka ce abu yana cin itace ko yana cin wuta: ana ta zuba masa, shi kuwa yana ta haɗiyewa ba alamar canji. Na san shan zafi ya fi daɗin faɗi, sai dai wannan ya riga ya tafi wajen wahala. Da wannan kalma muna iya cewa ruwa ya fi rairayi cin zafi, shi ya sa da tsakar rana rairayin bakin kogi yake ƙona ƙafa alhali ruwan yana da sanyi, ga shi rana ɗaya ce take dukansu. A lissafi, kilo ɗaya na ruwa yana cin jul 4,200 a kowane digiri, rairayi wajen 800, baƙin ƙarfe wajen 450, iskar da muke shaƙa wajen 1,000, metan kuwa wajen 2,200.

Iska tana da wani tsiya da ruwa da ƙarfe ba su cika nunawa ba. Cin zafinta iri biyu ne. Idan aka rufe ta a tukunyar ƙarfe da ba ta buɗewa, duk zafin da aka ba ta yana tafiya wajen ɗaga matakinta. Idan kuwa aka bar ta ta buɗe, wani kaso na zafin yana tafiya wajen tura abin da ke kewaye da ita, saboda haka sai ta fi ci. A metan na biyun ya fi na farkon da wajen kashi 30 cikin 100, a iskar da muke shaƙa kuwa da kashi 40. Bugu da ƙari, lambar 2,200 da na ambata ta metan ce a sake. Idan aka matse ta ninki 100, cin zafinta yana haurawa kusan 3,000. Wato lambar ba a zaune take ba, tana tafiya da matsi da matakin zafi da kuma irin gaurayen. Wannan ne ya sa ba a gama awon ba tun zamanin Black, har gobe ana yi.

Yadda Ake Awon

Wahalar auna cin zafin iska ita ce rashin nauyinta. Lita ɗaya ta metan a sake ba ta kai giram ɗaya ba, alhali tukunyar da za ta riƙe ta tana iya kai kilo. Idan ka ɗumama su tare, tukunyar ce za ta cinye kusan duk zafin, ka rasa gane rabon iskar. Kamar mutum ne yake son sanin nauyin ƙuda ta hanyar auna saniyar da ya sauka a kanta. Dabarar da aka samo, wadda Bafaranshen nan Henri Victor Regnault ya inganta a tsakiyar ƙarni na 19, ita ce a bar iskar tana gudu. A irin na'urorin yau, ana tura ta cikin siririn bututu da aka killace sosai domin kada zafi ya zurare, a tsakiya akwai wayar lantarki da aka san iyakar zafin da take bayarwa a kowace daƙiƙa, a auna matakin zafin iskar kafin ta isa wayar da kuma bayan ta wuce. Da yake bututun ya riga ya ɗumama ya ƙoshi, abin da ya ƙaru na iskar ne. An san yawan iskar da ta wuce, an san zafin da aka ba ta, an ga matakin da ta hau, sai a raba.

Hanya ta biyu ta fi burge ni, domin da kunne ake yin ta, kuma ya kamata ta burge duk wanda ya zauna a ajin ilimin furuci. Macen da take ɗiban ruwa a famfo ba ta bukatar leƙa tulu kafin ta san ya kusa cika, ƙarar ce take faɗa mata, saboda amon da rami yake bayarwa ya dogara da girmansa da kuma abin da ke cikinsa. Masana sun ƙera ƙwallon ƙarfe mai rami wanda aka san girmansa sarai, su cika shi da iskar da ake son aunawa, su saka sauti a ciki suna ɗaga muryarsa a hankali har su kai inda ramin ya amsa. Daga wannan amo ake gane saurin tafiyar sauti a cikin iskar. A iskar da muke shaƙa sauti yana tafiyar wajen mita 343 a daƙiƙa, a metan kuwa kusan mita 450. Saurin sauti yana da alaƙa ta lissafi da cin zafin nan iri biyu, saboda haka idan aka san ɗaya ana iya fitar da ɗayan. Da yake amo yana daga cikin abubuwan da na'ura ta fi iya ƙidayawa daidai, wannan hanya takan fi ta farko tsafta, musamman idan matsin bai yi yawa ba.

Ba zai yiwu a kai kowace irin iska ɗakin gwaji a yi mata wannan doguwar hidima ba. Abin da ake yi a bakin bututu shi ne a ɗebi ɗan samfuri a tura shi cikin na'urar rarrabe iska, inda yake bi ta wani dogon siririn bututu, kowane sinadari yana fitowa a nasa lokacin kamar dawaki a filin sukuwa, a rubuta kason kowanne. Daga nan a ba kwamfuta, ita kuma ta yi amfani da wani dogon tsarin lissafi ta fitar da nauyi da cin zafi da saurin sauti da sauransu. Mai karatu zai ce ai sai a ɗauki lambar kowane sinadari a yi matsakaici. A ƙaramin matsi hakan yana kusan yin daidai. A babban matsi kuwa ƙwayoyin iskar suna cuɗanya suna jan juna, kuma yadda metan take jan metan daban ne da yadda take jan iskar kabon. Kwatankwacinsa shi ne mudun wake da mudun gero, in an haɗa su ba za su cika mudu biyu ba. Shi ya sa tsarin lissafin da ake kira GERG-2008, wanda Kunz da Wagner na jami'ar Bochum a Jamus suka tsara, ya ɗauki sinadarai 21 ya bi su biyu-biyu, wato haɗi 210. Amurkawa suna da nasu mai suna AGA8. Waɗannan lissafai daga ainihin awon ɗakin gwaji aka gina su, kuma a yanayin da aka saba a bututu kuskurensu wajen nauyin iska bai cika wuce kashi 1 cikin 1,000 ba, amma wajen cin zafi yakan kai kashi 1 ko 2 cikin 100.

Ina Ruwanmu?

Ruwanmu ya fara daga aljihu. Kamfanin gas na tsibirin Boni a jihar Ribas, wanda ya yi lodin jirginsa na farko a Oktoban 1999, aikinsa shi ne ya sanyaya iskar har digiri 162 ƙasa da sifili, ta zama ruwa, girmanta ya ragu kusan sau 600. Duk girman injinan sanyayawar an tsara shi ne a kan sanin adadin zafin da za a zare daga iskar a kowane mataki, wato cin zafinta. Layukansa shida na farko an gina su da ƙarfin tan miliyan 22 a shekara. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, an yi kuskuren kashi 1 cikin 1,000 wajen awo. Tan 22,000 ke nan. Kowane tan yana ɗauke da BTU wajen miliyan 52, kuma idan muka ƙaddara kuɗin kowace miliyan dala 10 ne, an yi asarar fiye da dala miliyan 11 ba tare da ɓarawo ya fasa ƙofa ba. Ba cewa nake yi hakan ta faru ba. Cewa nake yi wakilin jama'a ko ɗan jaridar da bai san da zafi ake ciniki ba, ba zai san tambayar da zai yi ba.

Sai bututu. A 1852 James Joule da William Thomson suka nuna cewa iska idan ta kuɓuce daga babban matsi zuwa ƙarami ta ƙaramar kafa, matakin zafinta yana canjawa. Iskar gas sanyi take yi, kusan rabin digiri a duk ninki ɗaya da matsin ya ragu. A tashar da ake rage matsi kafin a shigar da iska gari ko masana'anta, idan aka sauke ninki 50, iskar tana iya rasa digiri 20 zuwa 25 nan take. Idan akwai ɗan laima a cikinta, sai wata irin ƙanƙara ta metan da ruwa ta daskare ta toshe hanya, abin da wani masani mai suna Hammerschmidt ya gano a 1934 cewa shi ne yake toshe bututun Amurka, kuma a babban matsi tana daskarewa tun kafin a kai sifili. Maganin shi ne a busar da iskar, a kuma ɗumama ta kafin a sauke matsin, kuma ba a san girman na'urar ɗumamawar sai an san cin zafin iskar. Wannan lissafi ya shafi bututun Eskarabos zuwa Legas da yake ciyar da tashar lantarki ta Egbin, ya kuma shafi na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020. Garuruwan da wannan na biyun ya nufa, da Hausa ake ciniki a cikinsu, da Hausa kuma ake koyon sana'a.

Amma wanda ya fi kusa da talaka shi ne motoci. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, gwamnati ta shiga ƙarfafa mayar da motoci su yi aiki da matsattsiyar iskar gas, wadda aka fi sani da CNG. Duk wanda ya taɓa buga wa keke iska ya san famfon yana ɗaukar zafi. Haka iskar take yi idan aka ɗura ta cikin tukunyar mota da sauri: ta yi zafi, ta kumbura, geji ya nuna an cika. Bayan ta huce sai allurar ta sauka, direba ya ga kamar an cuce shi ko tukunyarsa tana yoyo. Wani lokaci babu cuta babu yoyo, halin iska ne. Wani lokaci kuma akwai. Direban da ba a bayyana masa bambancin ba zai yi faɗa inda babu laifi, ya yi shiru inda ake kwasarsa. Mafi muni shi ne ruɗanin sunan nan da muka fara da shi. Matsin tukunyar girki da ƙyar yake wuce ninki 15 ko da a zafin bazara, na CNG kuwa ninki 200 ne. Mai waldar da a kunnensa gas dai gas ne yana iya ganin ba wani abu ba ne ya haɗa tukunya da kansa. A Oktoban 2024 wata mota ta fashe a wurin shan CNG a birnin Benin na jihar Edo, mutane suka ji raunuka, hukumomi kuma suka ce tukunyar haɗin walda ce, ba wadda aka amince da ita ba.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce injiniyoyi da Ingilishi suke karatu, takardun ciniki da Ingilishi ake rubuta su, kwamfutar ma ba ta jin Hausa. Na yarda, kuma ban ce a fassara GERG-2008 ba. Amma tsakanin injiniya da direba akwai bakanike, akwai yaron gidan mai, akwai mai gabatar da shiri a rediyo, akwai malamin firamare, kuma waɗannan da Hausa suke bayani ko mun ba su kalmomi ko ba mu ba su ba. Idan ba mu ba su ba, za su ci gaba da cewa zafi da gas da ƙarfi, kowa ya fahimci abin da ya ga dama. Wasu kuma za su ce a ari kalmomin Ingilishi kawai a huta, ai Hausa ba ta taɓa jin kunyar aro ba. A nan ina da rabi da rabi. Sunan abu a are shi: metan, jul, geji, silinda, babu laifi, kamar yadda muka ari mota da asibiti. Amma kalmar da take bayyana dangantaka tsakanin abubuwa, irin cin zafi, aronta ba ya koya wa kowa komai, sai dai ya haddace. Wanda ya ji cin zafi kuwa ya riga ya fahimci rabin darasin tun daga madafa.

Ba yau aka fara ba. Rupert East da Abubakar Imam sun rubuta Ikon Allah tun wajen 1949 suna bayanin halittu da kimiyya da Hausa mai daɗi. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Farfesa Dalhatu Muhammad ya tace, wanda shi ya sa yau muke cewa ɗafi da tsarin sauti da ginin jimla ba tare da mun tsaya tunani ba. A nan kudu ma, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya koyar da yara lissafi da kimiyya da Yarbanci har shekara shida. Abin lura shi ne kalmomin nahawu sun zauna ne saboda masu ƙirƙirarsu su ne masu amfani da su kullum. Kalmomin kimiyya da yawa kuwa sun mutu a cikin takarda, saboda an ƙirƙire su daga ƙamus zuwa ƙamus, wanda ya ƙirƙira bai taɓa ganin abin ba, wanda yake riƙe da abin kuma bai taɓa jin kalmar ba.

Mu da muke karatun Hausa a wannan sashe na ƙasa muna da wata dama da ba mu lura da ita ba. Rijiyoyin da tashoshin da masana'antun sun fi kusa da mu, ga sassan kimiyya da injiniya a harabar jami'a ɗaya da mu, ga kuma Hausawa direbobi da makanikai da masu sayar da gas a kowane Sabo da kowace tashar tirela. Maimakon kundin kammala digiri na ɗari a kan jigo da salo a littafi guda, ina ganin wani daga cikinmu zai iya ɗaukar kalmomi 30 kacal na awon zafi da matsi, ya zauna da ɗalibin injiniya har ya fahimci kowace, ya je gareji da na'urar ɗaukar magana ya ji abin da masu sana'a suke cewa da bakinsu, sannan ya gwada tasa ƙirƙirar a kansu ya ga wadda ta kama. Kalmar farko da zan so a gwada ita ce matsi, wadda na yi ta amfani da ita a wannan rubutu. Mai faci ba ya cewa matsi. Cewa yake yi iska ta yi yawa, ko geji 40, wato ya haɗa yawan iskar da ƙarfin turinta a kalma ɗaya, alhali tukunyar CNG mai zafi ta nuna mana cewa geji yana iya hawa ba tare da iskar ta ƙaru ba.